Lif ɗin kaya da ya raba mu da hawa matakala

Wallahi duk wanda bai taɓa ɗaukar kwali a kafaɗa ya hau matakalar sito da shi sau talatin a yini ɗaya ba, ba zai gane abin da nake ji game da lif ɗin kayan nan ba. Tun da aka kafa mana shi a masana'anta bayana ya huta, kaya ma sun daina fashewa a hanya.

Shi fa ba irin lif ɗin da mutane ke shiga ba ne, wani dandamali ne a cikin keji da ke bin dogayen ƙarafa sama da ƙasa, ka tura kaya ciki ka rufe ƙofa ka danna maɓalli daga waje shikenan. Akwai mai aiki da matsin mai, wanda galibi hawan ƙasa da bene na farko yake haɗawa, sai mai injin lantarki da sarƙa, shi ne ke zuwa hawa uku huɗu. Namu mai sarƙa ne, in ya tashi kana jin ƙarar sarƙar tana ɗan kaɗawa.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne masu cewa bari in ɗan maƙale in hau tare da kaya. Don Allah a daina! Ba a ƙera shi don ɗaukar rai ba, sannan in ƙofa ba ta kulle ba ko motsi ba ya yi. Kuma nauyin da aka rubuta a jikinsa kar a wuce shi, a riƙa duba sarƙa da birki ana sa wa sarƙar giris.