Godiya bayan bikin 'yarmu a Wentworth Woodhouse

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah biki ya tashi lafiya, amarya ta tare a ɗakinta, ni kuma sai yau na samu na zauna don wallahi har yanzu ƙafafuna a kumbure suke. Ni da Alhaji muna godiya ga duk wanda ya zo da wanda ya aiko da wanda ya bi mu da addu'a daga gida, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Mutane sai tambayata suke a WhatsApp wai ina ne wannan wuri da muka yi dina, to sunansa Wentworth Woodhouse, a wani ƙauye kusa da Rotherham nan Ingila, ba nisa da Sheffield inda aka ɗaura aure. Yaran ne suka zaɓa, ni da farko ban so ba, na ce tsohon gidan Turawa na shekara kusan 300 me za mu je yi a ciki ga sanyi. Ranar da muka shiga da mota na ga gaban gidan sai na yi shiru, tsawonsa kaɗai ya kai mita 185, ɗakuna sun fi 300. Kawun ango da ya zo daga Katsina cewa ya yi wannan ai unguwa ce guda aka yi wa rufi ɗaya.

Kuma fa gidan nan ya ga ta kansa. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai a wurin ita ta ba mu labari muna jiran mai hoto, a 1946 gwamnati ta sa aka farke lambun ana haƙar kwal har kusan bakin ƙofa, daga baya aka mai da wani sashe kwalejin 'yan mata, rufi ya yi ta yoyo bango na tsagewa. Sai a 2017 wata ƙungiyar amintattu ta saye shi fam miliyan 7, gwamnati ta ba da miliyan 7.6 aka fara da rufin, kuma har yau aiki ake ba a gama ba. Matar nan ko sisi ba a biyanta amma yadda take maganar gidan sai ka ce na kakanta ne, ta burge ni ƙwarai. Mun gode mata da sauran ma'aikatan, musamman da suka nuna mana gefe muka shimfiɗa darduma muka yi Magariba ba wanda ya ɗaga mana gira.

Babban zauren nan mai daɓen marmara, wanda Sarki George na 5 ya shiga a 1912, ranar ya ga anko da gwaggoro da ƙamshin turaren wuta a jikin kaya, Gwaggo ta saki guɗa sai da ta amsa kuwwa har sama, Turawan wurin suka tsaya suna kallo suna dariya.

Ƙawayena na Leeds da Manchester da suka kwana suna suyar masa da dambun nama, ban san da wane baki zan gode muku ba. Yaya Babba, ke kika riƙe min komai lokacin da ruwan sama ya sauko muna tsakiyar hoto a lambu, kowa ya kwashi lace ɗinsa da gudu takalma na nutsewa a ciyawa, Allah ya ba ki Aljanna. Samarin da suka yi ta jigilar baƙi daga tashar jirgin ƙasa har dare, Allah ya nuna mana naku. Surukanmu kuma mun ga karamci, Allah ya ba yaran nan zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Wanda muka yi wa ba daidai ba cikin hidima don Allah ya yafe mana. Akwai gyale ruwan toka da kula biyu da aka bari a motar Alhaji, mai su ta yi min magana, hotuna kuma mai hoto ya ce sai ƙarshen wata.