Wa Ya Gaza wa Kansas City a Daren Tampa?

A ranar Lahadi 7 ga Fabrairun 2021, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta shiga filin Raymond James da ke birnin Tampa a jihar Florida tana riƙe da kambun gasar NFL, ta kuma fito da kashin da ba ta taɓa shan irinsa ba tun lokacin da Patrick Mahomes, mai jefa mata ƙwallo, ya fara jagorantar harinta. Tampa Bay Buccaneers ta ci maki 31, ita kuwa ta tashi da 9. Wannan shi ne Super Bowl karo na 55, wato wasan ƙarshe na gasar zari-ruga irin ta Amurka, kuma ina komawa gare shi duk lokacin da aka yi gardama a kan wanda ya gaza bayan an doke wata ƙungiya, domin a ganina samun wasan da alƙaluma suka zalunci wasu 'yan wasa, suka kuma rufa wa wasu asiri, kamar wannan yana da wuya.

Babu wanda ya yi tsammanin irin wannan sakamako. Chiefs ta ci wasa 14 cikin 16 a kakar, Mahomes yana da shekara 25 kacal, kuma shi ne gwarzon wasan ƙarshe na shekarar da ta gabata, lokacin da suka doke San Francisco da 31 da 20 suka kawo wa birninsu kofin da ya yi shekara 50 yana jira. Bugu da ƙari, a ƙarshen watan Nuwamban 2020 sun zo wannan fili sun doke wannan ƙungiya da 27 da 24, inda Tyreek Hill shi kaɗai ya cafe ƙwallo sau 13 ya ci yadi 269, wato tazarar da ya matsar da ƙwallo gaba, fiye da yadi 200 daga ciki tun a zangon farko na wasan. Mai kallon da ya tuna da wannan rana yana da hujjar zaton za a maimaita.

Abin da ya canja tsakanin Nuwamba da Fabrairu shi ne mutum biyar ɗin da ba a cika ambaton sunayensu ba, wato ƙartin da ke jeruwa a gaban mai jefa ƙwallo su zame masa katanga, su tare masu kawo masa farmaki na tsawon daƙiƙa biyu ko uku da yake buƙata kafin ya ga wanda zai jefa wa. Eric Fisher, mai tsaron gefen hagu, ya tsinke jijiyar diddige a wasan kusa da na ƙarshe da suka yi da Buffalo. Mitchell Schwartz, mai tsaron gefen dama, ya daɗe yana jinyar ciwon baya. Kelechi Osemele, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ji rauni a gwiwoyinsa biyu tun farkon kakar. Shi kuwa Laurent Duvernay-Tardif, wanda ya karanci aikin likita, tun kafin a fara kakar ya ajiye wasa ya koma Kanada yana taimakawa a gidan kula da marasa lafiya lokacin annobar korona, abin da ya cancanci a yaba masa, ko da yake ya bar giɓi. Saboda haka aka ɗauko Mike Remmers aka kai shi gefen hagu, aka fitar da Andrew Wylie daga tsakiya aka tsayar da shi a gefen dama, aka cike ragowar da Nick Allegretti da Stefen Wisniewski, Austin Reiter kuma yana tsakiyarsu. Mutane ne da ba su saba tsayuwa tare a wannan jeri ba, aka kuma ce su tare masu farmakin Tampa, wato Shaquil Barrett da Jason Pierre-Paul da Ndamukong Suh da Vita Vea a wasa mafi girma na rayuwarsu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Todd Bowles, kocin masu tsaron gidan Tampa, ya ga tsagar tun kafin a busa usur. Bowles mutum ne da aka sani da tura ƙarin mutane su auka wa mai jefa ƙwallo, amma a wannan dare ya danne wannan ɗabi'a tasa. Ya bar mutum huɗu kawai su yi farmakin, ya ja 'yan baya biyu can ƙurya suka tsare doguwar hanya domin kada Hill ya sake wuce su da gudu, sauran kuma suka cika tsakiyar fili. Lissafinsa shi ne huɗunsa sun fi ƙarfin biyar ɗin Chiefs, kuma lissafin ya fita daidai.

Idan aka duba takarda, Mahomes ya yi mummunan wasa. Ya jefa ƙwallo sau 49, aka cafe 26, ya ci yadi 270, abokan hamayya suka ƙwace masa biyu a iska, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau uku, kuma bai kai ƙungiyarsa gidan maki, wato ƙarshen fili inda ake shigar da ƙwallo a ci maki, ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara wasa a NFL. Amma akwai wasu alƙaluma biyu da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan. An matsa masa lamba sau 29, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe, sannan na'urorin da ke bin sawun 'yan wasa sun nuna ya yi gudun yadi 497 yana kauce wa masu binsa kafin ya jefa ƙwallo ko a kayar da shi. Tsawon filin daga layin maki zuwa layin maki yadi 100 ne, ke nan ya kusa zagaye tsawonsa sau biyar yana gudun ceton kai, kuma duk wannan da ciwo a babban yatsan ƙafarsa wanda sai da aka yi masa tiyata kwanaki kaɗan bayan wasan.

Akwai jifa ɗaya a zangon ƙarshe da ta fi duk waɗannan lambobi bayani. Dama ta huɗu ce, wato ta ƙarshe cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta matsa gaba da ƙwallo, wadda idan ba a ci tazarar da ake buƙata ba ƙwallo za ta koma hannun abokan hamayya. Mahomes ya karɓi ƙwallon, katangar ta rushe nan take, ya ja da baya ya karkata dama ana binsa, aka taɗe masa ƙafa, kuma yana cikin faɗuwa, jikinsa a miƙe a iska kamar mai iyo, ya wurga ƙwallon ta yi tafiyar kusan yadi 30 ta ratsa tsakanin masu tsaro har ta isa bakin gidan maki, ta daki ƙarfen hular abokin wasansa Darrel Williams ta faɗi ƙasa. A takarda an rubuta wannan a cikin jifan da ba a cafe ba, daidai da wadda aka wurga can cikin 'yan kallo. Irin haka ta faru tun a zangon farko, inda ya kuɓuce wa farmaki ya aika ƙwallo ga Hill a bakin gidan maki, ta ratsa hannuwansa ta buge shi a hula. Da an cafe waɗannan biyu, da labarin da ake bayarwa a kan Mahomes na wannan dare ya bambanta, ko da kuwa sakamakon bai canja ba.

Ba na cewa ba shi da nasa laifin. Bayan ya sha duka a farkon wasa ya daina amincewa da masu kare shi, har ya riƙa barin wurinsa tun kafin katangar ta karye, yana ja da baya yadi goma ko fiye, wanda hakan ya ƙara wa Remmers da Wylie wahala domin ba su san inda wanda suke karewa yake ba. Akwai lokutan da gajeriyar jifa take a buɗe a gabansa amma idonsa yana can nesa yana neman abin da zai rage tazarar maki a bugu ɗaya. Wannan gazawa ce ta gaske, sai dai gazawar mutumin da aka bari shi kaɗai ce, kuma ba daidai ba ne a auna ta da ma'aunin wanda ya samu kariya ya kasa.

Travis Kelce, ɗaya daga cikin masu cafe wa Mahomes ƙwallo, kuwa alƙaluma sun kyautata masa fiye da yadda ya kamata. Ya cafe ƙwallo 10 ya ci yadi 133, wanda shi ne mafi yawa da mai buga matsayinsa ya taɓa samu a wasan ƙarshe zuwa lokacin. Amma da yawa daga cikin wannan ya zo ne bayan tazara ta yi faɗi, lokacin da Tampa ta yarda a ci gajerun yadi a tsakiya muddin agogo yana tafiya. A lokacin da wasan yake da rai, Lavonte David na Tampa ya manne masa, kuma Kelce ya saki wata ƙwallo a dama ta uku da ta shigo hannunsa sosai, ta tilasta wa ƙungiyarsa miƙa ƙwallo. Hill ya tashi da ƙwallo 7 da yadi 73, kuma Antoine Winfield Jr., matashin ɗan bayan da Hill ya ɗaga wa yatsu biyu yana wuce shi a Nuwamba, ya rama masa da wannan alama a fuskarsa gab da tashi, duk da ya san za a hukunta shi.

Wanda na fi tausaya wa bayan Mahomes shi ne Clyde Edwards-Helaire, sabon ɗan wasa mai gudu da ƙwallo. Sau 9 kawai aka miƙa masa, ya ci yadi 64, fiye da yadi 7 a kowace ɗauka. Idan abokin hamayya ya ja mutanensa baya ya bar gaba da sauƙi, maganin da kowane koci ya sani shi ne a yi ta gudu da ƙwallo har sai ya dawo da su, kuma yaron ya nuna hanyar a buɗe take. A nan ne nake ganin mafi nauyin alhakin yana kan babban kocin Chiefs Andy Reid da mataimakinsa Eric Bieniemy. Sun san halin da katangarsu take ciki makonni biyu kafin wasan, amma a kusan duk jifan da aka yi sun bar mutum biyar ɗin nan su kaɗai, ba su ajiye wani a gefe ya taya Remmers ko Wylie ba, ba su kuma sauya dabara ba bayan hutun rabin lokaci duk da abin da kowa yake gani. Remmers ya sha zagi daga magoya baya bayan wasan, alhali an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa ne aka kuma hana shi mai tayawa.

Masu tsaron gidan Chiefs sun yi abin yabo guda ɗaya babba, lokacin da suka tare Ronald Jones a dama ta huɗu saura yadi ɗaya ya shiga gidan maki. Abin takaici, ba a ci moriyar wannan ba. Mai bugun sallamar ƙwallo, Tommy Townsend, wanda shi ma shekararsa ta farko ke nan, ya yi bugu mai kyau aka soke shi saboda laifin abokin wasansa, da ya sake sai ƙwallon ta zame masa ta fita gefe ba ta kai yadi 30 ba, Tampa ta karɓa a cikin yankin Chiefs. Daga nan laifuka suka biyo juna. Tyrann Mathieu na Chiefs ya cafke ƙwallon Tom Brady, mai jefa wa Tampa ƙwallo, aka soke saboda wani ɗan baya ya riƙe abokin karawarsa. Suka tilasta wa Tampa bugun maki uku, sai aka samu wani ya tsaya gaba da layi, aka mayar wa Brady ƙwallo, nan take ya jefa wa Rob Gronkowski ya shiga gidan maki karo na biyu. Kafin hutu an hukunta Chiefs sau 8 da yadi 95, a wasan gaba ɗaya kuma sau 11 da yadi 120.

Magoya bayan Kansas City sun daɗe suna kukan alƙalan wasa sun tsananta musu, kuma na yarda wasu daga cikin hukuncin suna da rauni, musamman wanda aka yi wa Mathieu a cikin gidan maki gab da hutu a kan ƙwallon da ta yi wa Mike Evans na Tampa nisa. Sai dai abin da ya kai su wannan wuri nasu ne. Saura ƙasa da minti ɗaya a tafi hutu, maki yana 14 da 6, Tampa ba ta nuna gaggawa ba, amma Reid ya tsayar da agogo har sau biyu da fatan ƙwallo za ta dawo hannun Mahomes. Daƙiƙoƙin da ya tanada Brady suka amfana, Bashaud Breeland na Chiefs ya taɗe Evans aka ba da yadi 34, Antonio Brown ya ci wa Tampa, aka tafi hutu 21 da 6. Mathieu, wanda shi ne jagoran 'yan baya, ya bi Brady yana nuna masa yatsa har aka hukunta shi, a daidai lokacin da abokan wasansa suka fi buƙatar wanda zai kwantar musu da hankali.

Mutum ɗaya ne ya yi aikinsa ba tare da tangarɗa ba, shi ne Harrison Butker, wanda ya buga maki uku sau uku daga yadi 49 da 34 da 52, kuma makin Chiefs 9 duka daga ƙafarsa suka fito. Brady, mai shekara 43, ya jefa 29 aka cafe 21, ya ci yadi 201 kawai, ƙasa da na Mahomes, amma ya ɗauki kofinsa na 7 da kyautar gwarzon wasa domin yana tsaye a natse a bayan katangar da ta riƙe.

Shugabannin Chiefs sun karanta wasan kamar yadda na karanta shi, kuma shaidar hakan ita ce inda suka zuba kuɗinsu. A watan Maris na 2021 suka sallami Fisher da Schwartz, suka ɗauko Joe Thuney daga New England, daga baya suka karɓo Orlando Brown Jr. daga Baltimore, suka zaɓi Creed Humphrey da Trey Smith daga cikin 'yan jami'a. A Fabrairun 2023 wannan sabuwar katanga ta fuskanci Philadelphia, ƙungiyar da ta fi kowa kayar da masu jefa ƙwallo a kakar, ba a kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba, suka ci 38 da 35. A Fabrairun 2025 kuwa, da gefen hagu ya sake zama matsala har aka fitar da Thuney daga matsayinsa aka kai shi can, Philadelphia ta yi amfani da dabarar da Bowles ya yi ta farmaki da mutum huɗu, ta kayar da Mahomes sau 6, ta doke su da 40 da 22.