Yadda nake jan kwanan tsohon batirin tarakta

Yawancin batiran tarakta da ake zubarwa a farkon damina zaman rani ne ya kashe su tun kafin su tsufa. An gama girbi da jigilar hatsi, an kai tantan gindin bishiya an ajiye, ba mai waiwayarta sai ruwan farko ya sauka ana neman yin haro. Ranar za a murɗa makulli a ji ƙat-ƙat, shi ke nan. Wadda nake kula da ita Massey Ferguson 375 ce, batirinta mai bolt 12, amfiya 100, irin mai murafu shida da ake kwancewa a zuba ruwa. Ya kwana biyu, amma yana tayar da inji, kuma ba wani sirri a ciki illa awo da ruwa da caji a kan kari.

A cikin batir akwai ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma a nutse cikin asid da aka sirka da ruwa, kowane ɗaki na ba da bolt 2.1. Duk lokacin da wuta ta fita, wani farin gishiri na kwanciya a jikin farantan. Idan an yi caji nan da nan sai ya narke ya koma cikin ruwan. Idan kuwa an bar batirin makonni babu caji, gishirin ya ƙanƙare, ba cajin da zai sake narkar da shi, wurin da ya rufe ya mutu ke nan. Kuma batir na zubar da wutarsa ko ba a jona shi da komai ba, zafi na ƙara masa sauri: kusan duk ƙarin digiri 10 ninka zubar yake yi. To, a auna da Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ga batir a cikin akwatin ƙarfe a rana.

Shi ya sa abin da na fi dogara da shi ƙaramar mitar awon wuta ce, irin ta 'yan rewaya. Ina aunawa da safe, bayan batirin ya kwana ba a taɓa shi ba, domin wanda aka sauke daga caji yanzun nan ƙarya yake nunawa. Bolt 12.6 zuwa 12.7 a cike yake. 12.4 kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ya tafi, 12.2 rabi, 12.0 saura kaɗan. Ba na bari ya sauka ƙasa da 12.4. A rani nakan cire shi gaba ɗaya, in ajiye a inuwa a kan katako inda iska ke shiga, in auna duk wata, in kai caji da zarar ya kai wannan iyaka. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne ƙaramin farantin sola mai wat 10 zuwa 20, amma dole da kwantirola, wato na'urar da ke hana caji ya wuce kima, a tsakani, in ba haka ba a hankali zai ƙafar da ruwan. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a ɗauke shi a kunna talabijin ko cajin wayoyi da dare. Batirin tayar da inji farantansa sirara ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu, kuma duk ƙarar da shi da aka yi har ƙasa sai ya rage masa kwana.

Ruwa kuwa, lokacin aiki ina duba shi duk sati biyu. Ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya, kada ya kai baki, don idan ya ɗauki zafi kumbura yake ya yi ambaliya ya ci akwatin. Tataccen ruwan batir kawai nake zubawa. Na rijiya da na burtsatse da fiya wata duk suna da gishiri da ƙarfe da ke ɓata faranti. Idan na tarar farantan sun leƙo, nakan zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, sannan in cika. Asid ba a ƙara shi, saboda ruwa ne ke tashi, asid ɗin na nan. Wasu masu caji kan juye ruwan batir su zuba sabon asid mai ƙarfi. Zai yi zafin nama na 'yan kwanaki, mai tarakta ya yi murna, alhali farantan ake cinyewa. Da bakina nake cewa a yi caji kawai, kada a taɓa ruwan.

Caji a hankali nake so, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batirin, wato amfiya 10 ga mai 100, ko ƙasa da haka, ya kwana a kai. A sassauta murafu, a nisanta sigari da walda, domin iskar da ke fita na kamawa da wuta har batir ya fashe. In jikinsa ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, a sauke ya huce. Yana kusa da cika sai in leƙa ɗakunan: duk shidan ya kamata su riƙa ɓulɓulo da ƙananan kumfa. Ɗakin da ya yi shiru, ko ruwansa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, abin tuhuma ne. Mai ma'aunin kaurin ruwan batir zai ga kusan 1.260 a cikakken ɗaki, kuma idan wani ya bambanta da sauran da 0.050, ya tafi.

Sau da yawa ma batirin lafiyarsa lau, kawunansa ne suka yi farin gari ko tsanwa. Wajen kwancewa da mai alamar ragi nake farawa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, don idan sifana ta taɓa jikin tarakta kada ta yi tartsatsi. Cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwan ɗumi ya isa wanki, kanwa ma tana yi, sai dai murafu su kasance a rufe gam, ko ɗigo kada ya shiga ciki. A goge kan da cikin maƙalin da samfefa har su yi ƙyalli, a ɗaure, sannan a shafa giris ko basilin a waje. Maƙalin da ya buɗe a canza shi. Cusa ƙusa ko buga shi da guduma tsaga gindin kan yake yi, asid ya riƙa tsattsafowa. Saman batirin ma a share, don ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid wuta na bi ta kanta. Sai ɗaya bakin wayar ragi, inda aka ɗaure ta a jikin tarakta: tsatsa a nan ta sa mutane da yawa sayen sabon batir a banza. Gwajin ba wuya. Tsinken mita ɗaya a kan batirin na ragi, ɗayan a jikin inji, wani ya murɗa makulli. In ta nuna sama da rabin bolt, laifin na waya ne.

Idan inji na aiki, ya kamata mita a kan batir ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13.5, fambel nake fara dannawa da yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi ba. Sama da 14.8 kuma altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, na dafa batirin, alamarsa ruwa na saurin ƙarewa. Al'adar nan ta tayar da tarakta sannan a zare batirin a kai wa wata, inji na gudu, ita ke ƙona altaneta. Yi mata kik a bar ta minti goma a tsaye da sunan caji kuwa ba ya cika batir.

Kik ɗin kansa kada ya wuce daƙiƙa 10, a taka kuloci, in bai tashi ba a huta minti ɗaya. Da sanyin safiyar hunturu a fara ba hita 'yan daƙiƙu. Idan iska ce ta shiga layin gas, a kwance sukurun fitar da iska a fitar da ita da famfon hannu, murɗa makulli ba zai fitar ba. Kuma a ɗaure batirin da maɗaurinsa, domin jijjigar kunyoyi kakkaɓe farantan take yi.

Idan an cika shi, wayoyi tsaf, amma lokacin kik mita ta faɗi ƙasa da 9.6, ko bayan caji ya tsaya wajen 10.5, ko cikinsa ya kumbura, ba sauran dabara. Nakan kai shi yadda yake, da ruwansa a ciki, wurin mai sayar da batir ya rage mini kuɗin sabo, don dalmar kuɗi ce, ruwan kuma ba abin juyewa a gona ko kusa da rijiya ba ne.