Na Rage Faɗin Tayoyin Kekena Don Neman Gudu

Kekena irin ruwa-biyun nan ne da ake kira haibirid: wilinsa girman na keken tsere, hannunsa kuwa miƙaƙƙe, mutum na zaune ƙirji a buɗe. Tayoyin da ya zo da su faɗinsu milimita 38 ne, masu kauri, da haƙora a gefe da gefe. Ba su cika yin faci ba, wannan kam na yaba musu. Amma a kan kwalta mai kyau sai in ji keken yana jan ƙafa, masu keken tsere kuma su zo su wuce ni fiu, kuma abin da idona ke fara sauka a kai shi ne siraran tayoyinsu. Sai na ce bari ni ma in gwada.

Kafin in sayi komai na tsuguna na karanta lambobin da ke jikin tayar. An rubuta 38-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyun kuma girman rim, kuma ita ce ba a taɓawa: 622 ita ce ake kira 700C, kuma duk tayar da ba 622 ba, ba za ta hau wilin ba. Shi ma rim ɗin yana da nasa faɗin ta ciki, nawa milimita 19 ne. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce faɗin taya ya kai aƙalla ninki ɗaya da kusan rabi na faɗin cikin rim, don haka 28 ce iyakar sirantar da zan iya zuwa hankali kwance. Ita na ɗauka, da sabon tif daidai ita, domin tsohon ya yi mata yawa, zai naɗe a ciki.

Na ba ta iska wajen psi 85 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) na hau. Gaskiya na ji daɗi. Da na taka feda keken ya zabura, hawa tudu ya yi sauƙi, ƙugin nan da haƙoran tsohuwar taya ke yi a kan kwalta ya ɗauke. Na'urar auna gudu ma ta nuna ƙari, sai dai a nan akwai ɗan tarko. Na'urar tana ƙirga juyawar wili ne ta ninka da kewayen taya. Kewayen mai 38 wajen milimita 2,180 ne, na mai 28 kuwa wajen 2,136. In ba a gyara mata lambar ba, za ta riƙa ƙara wa mutum kusan kashi 2 cikin 100 na gudun da bai yi ba. Da na gyara, ƙarin yana nan, amma bai kai yadda jikina ke gaya mini ba.

Inda kwalta ta farfashe ne labari ya sha bamban. Duk wata tsakuwa sai na ji ta a tafin hannu da sirdi, har yatsuna su yi sanyi. Ramin da a da nake bi ta kansa ko a jikina, yanzu sai na taka birki na kauce. Rage iskar kuma ba mafita ba ce, domin siririyar taya in ta yi laushi ta daki bakin rami, rim yakan cije tif ɗin ya bar huda biyu jere kamar saran maciji. Girgizar nan ita ke sa mutum ya ɗauka yana sheƙa gudu, alhali ƙarfinsa ne ke zurarewa: taya mai tauri ba ta haɗiye gargada, sai ta cilla keke da mahayinsa sama, kuma ƙafarka ce ke biyan kuɗin wannan tsallen.

A nan na koma na duba abin da ya ba ni saurin tun farko, na tarar faɗin ba shi ne babba ba. Tsohuwar tayar ta ninka sabuwar nauyi, ga ɓawon kariya mai tauri a ƙarƙashin robarta, ga haƙora. Taya tana lotsewa ne duk inda ta taɓa ƙasa, kuma mai taurin jiki ta fi cin ƙarfi wajen wannan lotsewar. Hasali ma, in tayoyi biyu ƙira ɗaya ne, iskarsu ɗaya, mai faɗin ta fi saurin mirginawa, domin inda take taɓa ƙasa gajere ne. Su kansu 'yan Tour de France, shahararren tseren keken nan na Faransa, da a da suke hawa 23 ko ƙasa da haka, yanzu yawancinsu suna tsakanin 28 da 30, kuma waɗannan ba mutanen da za su yarda da asarar daƙiƙa ɗaya ba ne.

Na tsaya a kan 32, mai sumul ɗin baya da laushin jiki. Nakan ba ta baya wajen psi 65, ta gaba in rage kaɗan tunda nauyin ya fi a baya. Wanda ya fi ni jiki zai buƙaci ƙari. A kan kwalta mai kyau ban iya raba ta da 28 ba, a kan gargada kuwa ta fi ta nesa ba kusa ba.

Masu keken tseren dai har yanzu suna wuce ni, kuma taya ba za ta hana ba. Da zarar gudu ya haura kilomita 25 a awa, yawancin ƙarfin mutum kan faɗa da iska yake ƙarewa, kuma jikin mahayi ne ke tare mafi yawanta. Su a duƙe suke, ni a miƙe. Na cire zobban da ke ƙarƙashin hannun keken na mayar da su sama, hannun ya sauka da kamar yatsa biyu, kuma ranar da iska ke kaɗowa ta gaba wannan ɗan duƙawar ta fi canjin tayar amfani a wurina. Ƙasa da haka kuma bayana ya ƙi yarda, sai na bar shi a nan.