Abin da tanki na uku ya koya mini

Na ajiye aiki bayan shekara huɗu ina kiwon bakteriya, kuma har yau idan na ji warin tankin da ya lalace, ranar nan nake tunawa.

Bacillus muke kiwo, wata bakteriya mai siffar sanda, mai fitar da sinadarin da ake sa wa garin sabulun wanki don ya cinye maiƙo da tabon jini. Aikina shi ne iri: in tashe shi daga firiza, in raine shi a kwalba, sannan a zuba a babban tanki. Ƙa'ida ita ce a shafa ɗan kaɗan a farantin gwaji mai abincin bakteriya, ya kwana a ɗumin digiri 37, a tabbatar babu baƙo, wato wata bakteriya daban, a ciki. Ran nan oga ya ce oda ta matsa, ba a jiran kwana. Na ce masa, "Yallaɓai, farantin bai fito ba." Ya ce in leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi kawai. Na leƙa, na ga 'yan sanduna ras, na sa hannu.

To ai shi ma baƙon sanda ne. A madubi ba ka raba su. Kafin kwana biyu tanki ya yi kumfa, wari ya sauya, aka zubar da komai.

A taron bincike oga ya ce bai tuna ya ba da umarnin ba. Sa hannun nawa ne, ni aka ba takardar gargaɗi. Laifina na amsa shi, don na san ƙa'ida kuma na karya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda ya riƙa girgiza kai, wai yana mamakin sakacina.

Lokacin ne na fahimci Albert Schatz. Ɗalibi ne a jami'ar Rutgers ta Amurka, shi ya zaƙulo streptomycin daga bakteriyar ƙasa a 1943, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Sai da ya kai malaminsa Selman Waksman kotu kafin a yarda tare suka gano shi, duk da haka kyautar Nobel ta 1952 Waksman kaɗai aka ba. Ni ba komai na gano ba, tanki na kashe, amma rabon iri ɗaya ne: yabo ya hau sama, laifi ya gangaro.

Tun daga nan duk umarnin baki sai na rubuta shi a littafin aiki, da lokaci, na miƙa a sa hannu. Wasu sun ce na cika tsauri. Sauran darussan ƙanana ne: kada ka yarda da launin tef ɗin da ke nuna zafi a tukunyar tururin kashe ƙwayoyi sai ka ga digiri 121 da idonka, kuma iri kada ya zauna a firiza ɗaya tak.

Shekara uku bayan haka ban sake rasa tanki ba. Takardar gargaɗin tana nan a fayil ɗina, ba wanda ya cire ta.