Ranar da farfelarmu ta taɓa ƙasa

A Zariya na taso, ba nisa da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da aka kafa a 1964. Muna yara, in ƙananan jiragen ɗalibai suka ratso ta saman unguwa, sai mu bar ƙwallo mu ɗaga kai har su ɓace. Allah bai nufa zan shiga makarantar ba. Karatun injiniya ne ya kai ni Amurka, aiki ya zaunar da ni a jihar Ohayo, kuma sai da furfura ta fara fito mini na karɓi lasisin matuƙi mai zaman kansa. Doka ta ce awa 40 ne mafi ƙarancin horo, ni sai da na yi 68.

Da hayar jirgi ta ishe ni, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin jirgi Cessna 172M ƙirar 1975. Kujera huɗu ne, da injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 150, yana shan kamar galan 8 a awa. Tun 1956 an ƙera irinsa fiye da 44,000, saboda haka kayan gyaransa ba sa wuya, kuma da wuya ka samu bakaniken jirgi da bai san cikinsa ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne ƙarancin awoyin injin. Masu ƙera shi sun ba da shawarar a yi masa garambawul in ya kai awa 2,000, namu kuwa bai kai 900 ba. Murna ta hana mu kula da sauran shawarar, wadda ta ce ko kuma bayan shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Littafin injin ya nuna rabonsa da garambawul shekara 19, kuma a shekarun ƙarshe mai shi ya tsufa, jirgin yana zaune ne kawai a rumfa. Bakaniken da ya duba mana kafin saye ya gwada matsin silinda, duk huɗun lafiya. Ya ce in muna so a cire silinda ɗaya a leƙa kamshaf, wato sandar da ke buɗewa da rufe bawul-bawul na injin, amma da ƙarin kuɗi. Muka dubi juna muka ce a bari.

Shekara ta biyu, a watan Maris, sanyi ya fara sauƙi. Rabona da tashi mako goma. Ni kaɗai ne a ciki, don haka dokar nan ta tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 kafin ɗaukar fasinja ba ta hau kaina ba. Na zagaya jirgin kamar kullum, na tsiyayo mai daga ƙasan fikafikai na ɗaga shi ga haske, shuɗi ne tas, babu ɗigon ruwa a gindin kwalbar. Tashi lafiya. A wajen sauka ne na shigo da gudu fiye da kima, ga iska tana kaɗawa daga gefe. Maimakon in bar jirgin ya rage gudu ya zauna a kan manyan tayoyinsa na baya, sai na danna hancinsa ƙasa. Tayar gaba ta fara dira, jirgin ya yi tsalle. Na sake dannawa, ya sake tsalle, wannan karon ya fi na farko. Duk wanda ya koyi tuƙi ya san maganin wannan: ka ba shi totur gaba ɗaya, ka tashi, ka zagayo ka sake shiri. Malamina ya nanata mini haka ba sau ɗaya ba. Amma hannuna bai je ga totur ba sai a tsalle na uku, lokacin kuwa na riga na ji wani ƙas a gaba.

Na kashe injin a gefen titi na fito. Bakin farfelar ya lanƙwashe kamar faɗin yatsa uku. Ko ƙwarzane ban yi ba, alhamdu lillahi. Da na kira gida, uwargida ba ta tambayi jirgi ba, cewa ta yi, "Malam, kai dai lafiyarka ƙalau?" Na ce ƙalau. Ta ce to sauran duk mai sauƙi ne.

Na ɗauka canjin farfela ne kawai. Ashe in farfela ta bugi ƙasa injin yana aiki, bugun yana bi ta karanshaf, wato sandar da ke juya farfelar, har cikin injin, kuma tsagewar da zai iya bari ido ba ya ganinta. Akwai umarnin hukumar jiragen sama ta Amurka da ya wajabta a duba giyar bayan karanshaf a irin wannan injin, masu ƙera shi kuma sun ce a warware shi gaba ɗaya a bincika. Aka sauke injin aka kai shi shagon garambawul. Bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da matuƙi, inda ƙafar tayar gaba take kafe, shi ma ya ɗan tattare.

A nan na fara karanta takardar inshorarmu da gaske, wadda a da sa hannu kawai na yi. Kashi biyu ce. Akwai wanda ke biyan diyya in ka cutar da wani ko dukiyarsa, namu dala miliyan 1 ne a kowane hatsari, amma an ƙayyade dala 100,000 ga kowane fasinja, abin da ban taɓa lura da shi ba duk da iyalina nake ɗauka. Sai kuma na jikin jirgin, wanda tun farko ake yarjejeniya a kan darajarsa. Gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa mai ƙaramin jirgi yin inshora ba, amma filin da muke haya ba ya ba ka rumfa sai ka nuna takarda. Na san malamanmu na addini sun yi magana a kan inshora irin wannan, kuma na daɗe ina juya abin a raina. Abin da ya tsaya mini shi ne haƙƙin mutanen da nake bi ta saman gidajensu.

Kamfanin bai yi mana gardama ba. Abu biyu suka fara tambaya: littattafan jirgin, don su ga binciken shekara-shekara bai wuce wata 12 ba, da littafina, don su ga sunana yana cikin matuƙan da aka rubuta kuma na yi bitar tuƙi da ake yi duk wata 24. Duka suna daidai. Suka biya farfela, da gyaran bangon, da kuɗin warware injin da mayar da shi.

Bayan mako uku shagon ya turo hotuna. Karanshaf lafiya lau. Kamshaf kuwa tsatsa ta ci shi, kunnuwansa biyu sun fara suɗewa. A wannan injin kamshaf a sama yake, in jirgi ya daɗe a zaune baƙin mai yana tsiyayewa ya bar shi a bushe, damshin da ke cikin injin ya samu wurin kamawa. Ba laifin injin ba ne, an yi shi ne don ya yi aiki, ya ɗauki zafi ya ƙone ruwan da ke cikin mai. Wannan ɓarnar ba hatsarina ne ya jawo ta ba, saboda haka inshora ba ta biya ko sisi a kanta, kuma gaskiyarsu ce. Mu huɗu muka raba kuɗin. Ɗaya daga cikin abokan ya ce da ban bugi ƙasa ba, da a sama za mu gano wannan matsalar. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, don kunyar abin da na yi ba ta sake ni ba, amma ban iya musa ta ba.

Wata biyar jirgin ya yi a ƙasa. Da aka zo sabunta inshora kuɗin ya ƙaru, kuma suka sa mini sharaɗin yin awoyi tare da malami kafin in sake tashi ni kaɗai. Na yi fiye da abin da suka nema, yawanci sauka da fasa sauka, har hannuna ya koma zuwa totur da kansa.

Yanzu muna da jadawali: kowane mako sai ɗayanmu ya tashi da shi aƙalla awa ɗaya, ba kunna shi a ƙasa kawai ba, don hakan ƙara masa damshi yake yi. Kowace awa da aka yi, ana zuba wani abu a asusun garambawul. Baƙin mai kuma duk awa 50 ko wata huɗu, kuma ba ma jefar da tsohuwar filta sai an yanka ta an buɗe takardar ciki. Ranar Asabar da ta wuce ni na riƙe fitila bakaniken yana warware ta ninki bayan ninki, ya bi ta da maganaɗisu, bai ɗauko ko ƙwayar ƙarfe ɗaya ba.