Adadin mamata da takardar gargaɗin da na karɓa

Yanzu da na ajiye aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo a nan Kano, kuskuren da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na yi kwana biyu bayan hare-haren ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, lokacin da gari ke cikin dokar hana fita, kowa kuma ya kasa kunne ga rediyo domin jin halin da 'yan uwansa suke ciki.

Rahoton da aka miƙo mini na Turanci ne, kuma kalmar da ke cikinsa "casualties" ce, wadda ta haɗa waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Ni kuwa, saboda gaggawa da rashin barci, na ɗauke ta a matsayin "death toll", wadda ba ta ƙirga kowa sai wanda rai ya yi wa halinsa. Da haka na sa mai karanta labarai ya kai mutanen da ke kwance a asibiti kabari da bakinsa. Daga baya 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka rasa rayukansu, adadin da bai kai wanda muka faɗa ba.

Editanmu ya sa hannu a takardar ba tare da ya karanta ba, amma da shugabanni suka kira, ni kaɗai aka rubuta wa gargaɗi. Da na ce, "Yallaɓai, ai ta bi ta teburinka," sai ya ce sa hannu ba fassara ba ne. Ban ƙara magana ba, takardar kuwa tana nan a ajiye.

Haushin abin ne ya sa na bi diddigin kalmar. Asalin "toll" kuɗin da ake biya ne kafin a wuce ƙofa ko gada, kamar kuɗin fito a wurinmu, wato masifa ta karɓi harajinta da rayuka. Akan kuma ce adadin yana ƙaruwa, domin ƙirga ce da ba ta kammala a ranar farko. Tun daga nan ba na rubuta adadi sai da "aƙalla" da sunan wanda ya faɗa, haka kuma na horar da duk wanda ya zauna kusa da ni. Editan ya samu ƙarin girma a shekarar da ta biyo baya.